Tsakiyar Kano ba kango ba ce: martani ga mai neman a kwashe masu abinci

A makon jiya wani ɗan'uwa ya yi rubutu a kan yadda za a raya tsakiyar Kano, yankin nan da ya taso daga Ƙofar Mata, ya bi ta Kantin Kwari da Fagge, ya ɓulla Bata. A ganinsa, masu shayi da masu tsire da masu tuyar ƙosai da awara su ne suka hana wurin ci gaba. Sun tare hanya, sun ƙazantar da gari, kuma babu mai kuɗin da zai zuba jarinsa a inda hayaƙin tukuba yake turnuƙewa. Shawarar da ya kawo ita ce a kwashe su a kai su bayan gari, wajen Ɗangwauro ko Dawanau, a miƙa filayen ga manyan 'yan kasuwa su gina rukunin shaguna masu hawa-hawa, da gidajen abinci masu na'urar sanyaya ɗaki, da silima, ta yadda in baƙo ya sauka zai ga kamar a Dubai yake.

Ba na shakkar cewa kishin Kano ne ya sa shi ɗaukar alƙalami. Abin da ya faɗa na ƙazanta da cunkoso ma gaskiya ne, duk wanda ya bi titin IBB da la'asar ba sai an ba shi labari ba. Inda muka rabu da shi wuri biyu ne: wanda ya ɗora wa laifin, da kuma abin da yake kira ci gaba.

Malam, kafin a ce a tashi mai abinci, ya kamata a fara tambayar wa yake ci. Ɗan dakon da ya yini yana sauke dilolin atamfa a Kwari shi ne kan bencin mai shinkafa da wake. Yaron shago da ba zai iya barin kantin ubangidansa na fiye da minti goma ba shi ne yake aika a sayo masa gurasa bandabashe. Akwai masu tura kura na kasuwar Singa, da 'yan adaidaita sahu, da masu gadi da suke karɓar kasuwa in kowa ya tashi. Akwai masu jinya a Asibitin Murtala, mutanen ƙauye da suka kawo mara lafiya suke kwana a kan tabarma, waɗanda in dare ya yi ba su da wurin samun ruwan zafi sai wajen mai shayin bakin ƙofa. Sannan akwai baƙin da suke zuwa sarin kaya daga Maraɗi da Damagaram da Njamena da Marwa, su yi kwana biyu ko uku kafin motarsu ta cika. Waɗannan dubban mutane ba za su bi mai abinci zuwa Ɗangwauro ba, domin aikinsu yana nan. In an kori mai abincin yau, gobe da safe yunwarsu tana nan inda take, kuma wani zai zo da tukunya ya biya musu bukata, sai dai a wannan karon a ɓoye, cikin lungu, a gefen kwata, inda ba mai duba tsabtarsa.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurin. Fagge tun asalinta zango ce. Nan ayarin fatake da Buzaye masu raƙuma suke sauka a wajen ganuwa kafin su shiga Kurmi, kasuwar da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Saukar baƙo da ciyar da shi ita ce sana'ar da ta gina unguwar. Mai rubutu ya kalli wannan tsohuwar sana'a ya ga tarkace ne da ke jiran a share. Ni kuwa ina ganin ita ce ƙashin bayan cinikin da ake yi a Kwari, domin baƙon da ya san zai sami abin da zai ci da kuɗi kaɗan, a kowane lokaci, kusa da masaukinsa, shi ne yake dawowa.

Ya kawo misalin masu sayar da magani da aka tayar daga Sabon Gari aka mayar Ɗangwauro a 2024, yana cewa ga shi an yi kuma duniya ba ta tashi ba. Kwatancin bai zauna ba. Sarin magani da sarin hatsi ciniki ne na kwali da buhu. Mai kemis daga Gumel zai shiga mota ya je duk inda dila yake, domin sayayyar wata guda zai yi. Kofin shayi da tsinken tsire ciniki ne na mai wucewa. Kuɗin motar zuwa bayan gari ya ninka kuɗin abincin. Wanda aka ba rumfa a can zai zauna ya yi ta kallon titi har jarinsa ya ƙare, sannan ya sayar da rumfar ya dawo inda mutane suke.

Akwai kuma waɗanda rubutun bai ambata ba ko sau ɗaya, wato matan da suke cikin gida. Gurasar da ake ci a Kwari ba a kan titi ake gasa ta ba. A tanderun gidajen Jakara da kewayenta ake yin ta tun asuba, har akwai wurin da ake kira Cediyar 'Yan Gurasa saboda daɗewar sana'ar a wurin. Haka waina da ɗanwake da dambu da alkaki da ƙuli-ƙulin da mai tsire yake barbaɗawa. Bayan kowane tebur da ka gani a bakin titi akwai gidaje biyu ko uku da suke ci daga gare shi, da yawansu zawarawa ne ko matan da mazajensu ba su da aikin kirki. Daga ribar nan ake zubin adashi, a biya kuɗin makarantar Islamiyya, a haɗa wa 'ya mace kayan ɗaki. Masu binciken zamantakewa sun daɗe da rubuta wannan; Enid Schildkrout ta yi nazarinsa a unguwannin cikin birni tun shekarun 1970. Gidan abinci mai gilashi ba zai sayi gurasar Inna ta tsakar gida ba, yana da mai dafa masa da injinsa. Na san za a ce ai wannan tsarin ne yake fitar da yara mata talla har dare, kuma wannan abin damuwa ne ƙwarai, ni ma ba na son ganinsa. Amma abin da zai mayar da yarinya aji shi ne uwarta ta sami tsayayyen wurin da za a riƙa karɓar kayanta da sari, babba ya tsaya a kai. Rufe kasuwar gaba ɗaya ba zai mayar da ita makaranta ba, zai dai ƙara mata nisan tafiya da farantin.

Mu zo kan rukunin shagunan da Malam yake mafarki. Ai mun gwada. A 2014 aka buɗe Ado Bayero Mall a titin Gidan Zoo, da Shoprite a ciki, aka yi ta murna. Ginin yana da kyau, kuma iyalai da yawa sun ji daɗin samun wurin kai yara ran sallah, ba na raina wannan. To amma a watan Janairun 2024 Shoprite ta rufe reshenta na Kano, ta ce cinikin ba ya riƙe kansa. A cikin 2024 ɗin hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100 bisa ƙididdigar hukuma, mafi ƙarancin albashi kuwa da ƙyar aka kai shi naira 70,000. Mutumin da yake kan wannan albashi, in ya shiga gidan abinci mai sanyi da iyalinsa sau ɗaya, ya san abin da ya taɓa na cefanen wata. A duk tsawon wannan matsi, mai shayin Fagge bai rufe ba. Ya rage madara, ya raba burodi gida biyu, ya ba da bashi ga wanda ya sani, ya ci gaba. Wanda yake neman sana'ar da za a ɗora tattalin arzikin unguwa a kanta, ya dubi wadda ta tsaya da ƙafarta lokacin da abubuwa suka yi tsanani.

Ba ina cewa kada a gina manyan gidajen abinci ba ne. Suna nan a Nasarawa da Bompai da titin Gidan Zoo, masu hali suna zuwa, Allah ya ƙara musu kasuwa. Abin da na ƙi shi ne a ce sai an tashi talaka daga inda yake neman abinci kafin a gina su.

Kuma batun a ba masu kuɗi fili su gina, ai shi ake yi a tsakiyar Kano shekara da shekaru, shi ne ma ya kawo cunkoson da Malam yake kuka da shi. An cike kududdufan da suke shanye ruwan sama an yanka su filoti. An yi gini a kan magudanai. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata kaya masu ɗimbin yawa, 'yan kasuwar da kansu suka nuna gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa. A ƙarshen watan Agustan 2022 ɗin wani bene da ake kan ginawa ya rufta a titin Beirut, a tsakiyar kasuwar waya, aka yi asarar rayuka. Babu mai ƙosan da ya jawo ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sannan ga abin da ya faru da filin Idi na Ƙofar Mata: wata gwamnati ta ba da izini aka kewaye shi da shaguna, wadda ta gaje ta ta zo a watan Yunin 2023 ta rushe, har wata kotun tarayya ta yanke diyyar naira biliyan 30 kafin daga baya a sasanta a kan adadin da bai kai haka ba. Ba na shiga rigimar wa ya yi daidai a cikinsu, kowane ɓangare yana da hujjarsa. Abin da ya shafi maganarmu shi ne, mai jarin da Malam yake son jawowa ba hayaƙin tsire ne yake ba shi tsoro ba. Tsoronsa shi ne takardar da gwamnan yau ya sa wa hannu gwamnan gobe ya ce ba ta aiki. Wannan rashin tabbas ɗin shi ne kuma yake damun mai tebur. Wanda bai san ko gobe za a zo a kife masa kaya ba, ba zai kashe kuɗi ya yi daɓen siminti ko ya sayi akwatin gilashi na rufe nama ba.

Nan ne maganar tsabta ta shigo, kuma a nan ba zan kare kowa a kan ƙarya ba. Akwai mai wanke kofi hamsin a bokiti ɗaya. Akwai mai maimaita mai har ya yi baƙi. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da wani lalataccen garin haɗa lemo ya shiga kasuwannin Kano, ya kashe mutane, ya kwantar da ɗaruruwa a asibiti. Dole a sa ido, dole a hukunta mai ganganci. Amma a tambayi mai shayi dalilin da ya sa yake tattalin ruwa haka. Sayensa yake yi jarka-jarka daga hannun 'yan garuwa, domin famfon unguwar ya daɗe da bushewa. Tun 1931, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, hukumar En'e ta jawo ruwan famfo daga Challawa zuwa cikin birni da kuɗin harajin talakawa. Yau kusan shekara ɗari ke nan, ga matatar Challawa ga ta Tamburawa, amma mai abinci a tsakiyar gari yana jiran mai kura. Kuma mutanen nan suna biyan kuɗin rasit, wasu kullum, wasu mako-mako. Me aka yi musu da shi? Ina bandakin jama'a mai ruwa? Ina mazubin sharar da ake kwashewa a kan lokaci? Hukumar da ta karɓi kuɗin mutum ta amince da zamansa ke nan, sai ta yi masa aikin da kuɗin ya wajabta.

Tunda Malam yana son misali daga waje, ga wanda ya fi Dubai kama da halinmu. Singafo ta taɓa cika da masu abincin bakin titi, da ƙazanta da cututtukan da ke biyo baya. A 1968 zuwa 1969 gwamnati ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta yi musu rajista. Daga 1971 zuwa 1986 ta gina musu rumfuna masu rufi, da famfo, da magudana, da wurin zama, da haya mai sauƙi, kuma ta gina su kusa da gidaje da wuraren aikin masu saye. Yau akwai irin waɗannan cibiyoyi fiye da 100, attajiri da lebura suna cin abinci a tebur ɗaya, kuma a 2020 UNESCO ta sa wannan al'ada cikin kayan gadon duniya. A Marrakesh ta Maroko, birnin Musulmi mai ganuwa irin namu, dandalin Jami'ul Fana ne yake jawo baƙi: da magariba masu abinci su jera tebura masu lamba, masu tatsuniya da makaɗa su kafa da'ira. An so a cinye filin da gine-gine, masu kishi suka tsaya, har UNESCO ta ayyana shi abin kiyayewa a 2001. Baƙon da ya zo Kano daga Turai ko Legas yana da rukunin shaguna a garinsu wanda ya fi duk abin da za mu gina. Abin da ba shi da shi shi ne kilishin Agadasawa, da marinar Ƙofar Mata, da furar da aka dama a gabansa.

Sai batun nishaɗi, wanda Malam ya wuce shi da jimla biyu kamar abu ne mai sauƙi, a gina silima kawai mutane su zo. Wanda ya san Kano ya san ba haka abin yake ba. Silima ta daɗe a garin nan, tun Rex a 1937, daga baya aka sami su Plaza da Orion da Wapa da Eldorado. Amma ba ta taɓa samun cikakkiyar karɓuwa a wajen dattawan cikin birni ba. Gobarar silimar El-Duniya ta ranar 13 ga Mayun 1951, wadda ta ci mutum 331, ta bar tabo a zukata, mutane da yawa a lokacin sun ɗauke ta ishara. Palace da aka gina a Jakara a farkon shekarun 1950 ta sha suka, daga ƙarshe asibiti aka mayar da ginin. Wapa yau sunan kasuwar 'yan canji ne. Ko a 2016, da gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 3 don gina alƙaryar fim a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, malamai suka yi ca, aka janye shirin cikin 'yan kwanaki. Mutum yana iya ganin an yi asara a nan, ni ma ina ganin da an zauna an fahimci juna da an sami mafita. Amma darasin a fili yake: duk nishaɗin da aka sauke wa mutanen Kano daga sama, ba tare da an shawarci malamai da masu unguwanni da iyaye ba, ba ya daɗewa.

Alhali kuwa garin cike yake da nishaɗin da jama'a suka riga suka karɓa, wurin yinsa ne babu. Ranar da Kano Pillars take wasa a filin Sani Abacha, Ƙofar Mata ba ta da masaka tsinke. Dambe yana tara dubban 'yan kallo, har ya zama abin da ake kallo a intanet a ƙasashen waje. Ga kokawa, ga langa, ga tashen yara a watan azumi, ga hawan Dala ranar Takutaha, ga Maukibin Ƙadiriyya. Hawan sallar Kano ya shiga jerin UNESCO a watan Disambar 2024, a daidai lokacin da rikicin masarauta ya sa 'yan sanda suke dakatar da shi, masu abinci da masu masauki da masu kayan doki suka yi ta asara. Gidajen kallon ƙwallo kuwa suna kowace unguwa, a rumfunan kwano masu zafi da ƙofa ɗaya, abin da ya kamata ya tayar wa duk wanda ya san labarin El-Duniya hankali. In ana son a kashe kuɗi a kan nishaɗi, ga inda za a fara: fili mai fitila da wurin zama, da ɓangaren mata da yara daban, da ƙofofin fita isassu, da lokacin tashi da kowa ya sani. Matan cikin birni su ne suka fi kowa rashin wurin zuwa shan iska da yamma, kuma rubutun Malam bai tuna da su ba a nan ma.

Akwai abu guda da yake kashe kasuwar dare fiye da komai, shi ne rashin abin hawa. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. A Yulin 2022 aka hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda tsaro. Dalilan ba na wasa ba ne. Amma ba a kawo motocin haya na dare da za su maye gurbinsu ba. Gidan abincin da Malam zai gina, mai dafa abincin da mai wanke kwanukan da me za su koma Kurna ko Rijiyar Lemo in an tashi? Sannan titin da aka kore kowa daga kansa, aka ja ƙofofin ƙarfe tun magariba, shi ne wurin da masu ƙwacen waya suke so. Inda mai shayi ya kunna fitila, mutum goma suna zaune a benci, kowa ya san fuskar kowa, ɓarawo ba ya sakewa. Mutanen Fagge sun san lungunan da suke bi da dare da waɗanda suke kauce wa, kuma bambancin bai wuce wannan ba.

Abin da nake roƙon gwamnati da hukumar tsara birane ta KNUPDA da ƙananan hukumomin Fagge da Birni shi ne su ɗauki titi ɗaya tak su gwada. A yi wa masu abincin da suke kansa rajista da sunayensu, waɗanda suke wurin yanzu, kada a raba wa 'yan siyasa rumfunan su dawo suna ba masu sana'ar haya. A ja musu layi su matsa daga kan kwalta, a yi daɓe, a haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, a gina bandaki na maza da na mata, a sa fitilu. A hana manyan motoci bin titin daga magariba zuwa sha biyun dare. Duba-gari ya riƙa zagayawa, wanda ya karya ƙa'idar tsabta sau uku a karɓe rumfarsa a ba na bayansa a layi. A zauna da Sarkin Fawa da shugabannin masu shayi da matan da suke gasa gurasa da limaman unguwa kafin a aza tubali ko ɗaya. Takardar zaman kuma ta zama ta shekara 10, majalisar dokokin jiha ta sa ta cikin doka, yadda canjin gwamna ba zai soke ta ba.